FILIN HARSUNA: Kunya mai wuyar noma

Kowane harshe yana da karin maganarsa. Hausawa suna da nasu. Zabarmawa, Fulani, Abzinawa da Barebari suna da nasu. Masu jin Ingilishi ma haka ne. A wannan wata, filin harsuna ya ɗauko wata magana ta Ingilishi wadda ake faɗi in mutum yana da aiki mai wuya a gabansa. Maganar daga gona ta fito. Akwai hauya a cikinta, akwai layin shuka, akwai gumi. Saboda haka manomi zai riga ɗan birni gane ta.

Wani zai ce: ina ruwan mutumin karkara da Ingilishi? Da ruwansa. Iyakar Nijar da Nijeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kuma Ingilishi ne harshen gwamnati a can. Haka yake a Gana. Ɗan kasuwa da ɗan ci-rani suna gamuwa da shi bisa takarda, a asibiti, a tasha. Ana jin sa a rediyo da cikin salula. A shekarar 2025 kuma, dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ta sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki.

To, sanin kalma ɗaya-ɗaya ba shi ne sanin harshe ba. Wanda ya ji karin magana, ya fassara shi kalma-kalma, zai yi ɓatan kai. Baƙon da bai ƙware da Hausa ba, in ya ji an ce "wane ya sha wuya", sai ya tambaya: cikin wace ƙwarya ya sha ta?

GA MAGANAR

A rubuce: A hard row to hoe.
A baki: a haad ro tu ho.

Kalmomi biyar ne. Ga ma'anar kowace:

a: wani, ko wata.
hard: mai tauri, mai wuya.
row: layi. A gona, layin shuka ne, ko kunya.
to hoe: a nome da hauya. Ita kanta hauyar, hoe ne sunanta.

In an haɗa su, sai a samu: layi mai wuyar noma, ko kunya mai wuyar noma.

A lura da kalmar row. Haruffa uku ne, amma ma'anarta ba ɗaya ba ce. In an karanta ta "ro", tana nufin layi. Tana kuma nufin tuƙa kwalekwale. In an karanta ta "rau", to rigima ke nan ko hayaniya. Wannan ba abin mamaki ba ne ga Bahaushe. Kunyar gona da kunyar suruki a rubuce ɗaya suke. Hawa da saukar murya ne ke raba su a baki, sauran maganar kuma ta nuna wadda ake nufi. A nan, tun da an ambaci hauya, an san layin gona ake nufi.

MA'ANARTA

Manomi ya san layuka ba ɗaya suke ba. Gona ɗaya ce, amma wani layi ya bi ta jigawa mai laushi, hauya na shiga kamar cikin gari. Wani ya bi ta fako: ga tsakuwa, ga kututture, ga saiwa. Wani kuma haki ya cushe shi har ba a ganin hatsin. Ran gayya, in mutane suka jeru, kowa ya kama layinsa, wanda nasa ya zo da tauri shi ake bari a baya. Ba raggo ba ne. Rabonsa ne ya zo haka. Wannan hoton ne ke cikin maganar.

Saboda haka, in mai jin Ingilishi ya ce wane yana da a hard row to hoe, ba lalle wanen yana da gona ba. Abin da yake nufi shi ne: akwai jan aiki a gaban wane, kuma zai sha wuya kafin ya gama.

Abubuwa huɗu ne ke cikin irin wannan wuya.

Na ɗaya, aiki ne. Abu ne da ake yi da hannu, ko da kai, ko da haƙuri. Ba masifa ba ce da ta faɗo daga sama cikin dare ɗaya.

Na biyu, yana da tsawo. Ba ya ƙarewa da sara ɗaya. Taki-taki ake yin sa, yau da gobe.

Na uku, yana da mai shi. Masu Ingilishi cewa suke mutum "yana da" layin. Nasa ne. Ana iya kama masa, amma ba a ɗauke masa shi duka.

Na huɗu, yana da iyaka. Kome tsawon layi, a bakin gona yake tsayawa. Wanda ya faɗi wannan magana bai ce aikin ba zai yiwu ba. Cewa ya yi zai yi wuya.

Ga misali daga wurin makiyaya. Farin shekarun 1973 da 1974, da na 1984, ya kashe bisashe masu yawa a ƙasashen Sahel. Mutuwar bisashen masifa ce, ba a kiranta layi mai wuya. Amma makiyayin da ya tashi da saniya ɗaya ta habbanaye, yana so ya maida garkensa, shi ne ke da layi mai wuya. Karsana sai ta yi wajen shekara 4 kafin haihuwar fari. Ciki kuma wata 9 ne. Garke ba ya komawa cikin damana ɗaya. Aiki ne, dogo ne, nasa ne, amma yana da ƙarshe.

INDA TA FITO

An fi jin wannan magana a bakin mutanen Amurka, kuma a can ta yi ƙarfi cikin ƙarni na 19. A lokacin, yawancin Amurkawa manoma ne. Turawan da suka je can sun koyi noman masara wurin mutanen ƙasar na asali. Talakawa daga cikinsu sukan kutsa daji, su sare itatuwa, su shuka masara tsakanin kututtura da saiwoyi. Garmar shanu ba ta shiga irin wannan wuri da daɗi. Sai hauya. Hauyarsu doguwar ƙota gare ta, a tsaye ake noma da ita. Amma sara ake yi ana jawowa, ba turawa ba kamar hauyar tsaye ta ƙasar jigawa.

Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da aka samu maganar a rubuce shi ne wani littafi da aka buga a 1835 da sunan Debi Kuroket. An haifi wannan mutum a 1786, a yankin da ya zama jihar Tenesi. Ɗan talakawa ne. Yana da shekara 12 ubansa ya ba da shi aikin koran shanu zuwa Bajiniya, tafiya mai nisa a ƙasa. Bai yi makaranta da yawa ba. Ya yi noma, ya yi farauta, ya yi soja. Daga baya mutanen yankinsa suka zaɓe shi ɗan majalisar ƙasa a 1827.

A 1830, shugaban ƙasa Andaru Jakson ya kawo dokar da za ta tada mutanen ƙasar na asali daga gonakinsu na gabas, a kore su zuwa yammacin kogin Misisipi. Jakson ma mutumin Tenesi ne, kuma jama'ar jihar suna son sa ƙwarai. Duk da haka Kuroket ya jefa ƙuri'ar ƙi. Dokar ta wuce. A zaɓen 1831 Kuroket ya faɗi. Ya koma majalisa a 1833, ya sake faɗuwa a 1835. A cikin littafin nan, da wannan karin magana aka kwatanta jayayyarsa da Jakson. Ya san layin yana da tauri tun kafin ya sa hauya, amma ya kama. Shi ya mutu a yaƙin Alamo, a Tekzas, a 1836. Dokar da ya ƙi kuwa, ita ta kai ga korar ƙabilar Ceroki a 1838, inda dubban mutane suka mutu a hanya.

Wannan ya nuna tun a 1835 maganar ta riga ta fita daga gona ta shiga majalisa.

LAYIN DA YA FI KOWANE TAURI

Akwai waɗanda suka san wannan layi fiye da kowa a Amurka. Su ne bayi, waɗanda aka kwaso kakanninsu daga Afirka. A ƙidayar 1860, bayi sun kai kusan miliyan 4 a ƙasar. Da yawansu a gonakin auduga suke, wato kaɗa, a jihohin kudu.

Kaɗa shuka ce mai son hauya. A can, da kauri ake zuba irinta cikin layi. In ta tsiro, sai a bi da hauya a rage, a bar tsiro kaɗan, a kashe haki. In aka yi sakaci, haki ya danne ta.

Wani mutum mai suna Solomon Notap ya ba da labarin wannan aiki. Shi baƙar fata ne, ɗa ne ba bawa ba, daga jihar Niyok. A 1841 aka yaudare shi, aka sace shi, aka saida shi. Ya yi shekara 12 yana bauta a jihar Luwiziyana. Ya samu kansa a 1853, kuma a shekarar aka buga labarinsa. Ya bayyana cewa sau huɗu ake nome gonar kaɗa, daga watan Afrilu har zuwa Yuli. Da an gama, sai a koma farko. Wanda ya fi sauri shi ake sawa gaba. Mai tsaron bayi yana biye bisa doki da bulala. Wanda aka bari a baya, duka ne rabonsa.

A nan akwai bambanci babba. Ran gayya, wanda layinsa ya yi tauri, in sauran sun kai bakin gona sai su juyo su tarye shi. A gonar bayi kuwa, bulala ke tarye shi. Kuma amfanin gonar ba nasa ba ne.

An hana bauta a Amurka a 1865. Amma wuya ba ta ƙare nan take ba. Yawancin waɗanda aka ƴanta ba su da gona. Sai suka shiga noman a raba. Mai ƙasa ya ba da fili da ɗaki da alfadari da iri. Manomi da iyalinsa su yi aiki. In kaka ta yi, mai ƙasa ya ɗauki rabi. Daga ɗaya rabin kuma a cire bashin cimaka da tufafi da aka ci tun bazara, da riba mai yawa a bisa. Sau da yawa manomi ya gama shekara bai da kome sai sabon bashi. Talakawan Turawa da yawa ma sun faɗa cikin wannan hali. A bakin irin waɗannan mutane, maganar layi mai wuya ba ado ba ce. Jiki magayi.

HAUYA TA TAFI, MAGANA TA ZAUNA

Daga shekarun 1940, injin tsinkar kaɗa ya fara shiga gonakin Amurka. Tarakta ta ƙaru. Daga baya maganin kashe haki ya karɓe aikin hauya. Kafin 1970, kusan duk kaɗar ƙasar inji ke tsinkarta. Tsakanin 1910 da 1970 kuma, baƙaƙen fata wajen miliyan 6 suka bar kudu, suka koma birane kamar Shikago, Ditiroyit da Niyok.

A 1900, cikin ma'aikata 100 na Amurka, wajen 40 a gona suke aiki. Yau ba su kai 2 ba. Ke nan yawancin masu faɗin wannan magana ba su taɓa nome layi ɗaya ba.

Wannan ya haifar da wani kuskure mai ban dariya. Akwai kalmar road, wadda ake karantawa "rod", ma'anarta hanya. Ta yi kama da row a kunne. Ɗan birni ya san hanya, bai san layin shuka ba. Saboda haka da yawa suna cewa a hard road to hoe, wato hanya mai wuyar noma. Har cikin jaridu akan ga wannan kuskure. To, wa ya taɓa ganin an sa ma kwalta hauya don a ci amfani? Hanya bi ake yi, layi ake nomewa. Mutumin karkara da ya koyi wannan magana ba zai yi wannan kuskure ba, domin ya san abin da hauya ke yi. A nan ya fi mai harshen.

YADDA AKE FAƊIN TA

Ana sa mai aikin a farko, sa'an nan kalmar da ke nufin "yana da", sa'an nan maganar.

He has a hard row to hoe. A baki: hi haz a haad ro tu ho. Ma'ana: yana da jan aiki a gabansa.

She has a hard row to hoe. A baki: shi haz a haad ro tu ho. Ma'ana: tana da jan aiki a gabanta.

We have a hard row to hoe. A baki: wi hab a haad ro tu ho. Wannan jama'a ke faɗin ta bisa kansu.

A yi hattara da ta biyun. Kalmar she, "shi" ake karanta ta, amma mace take nufi. A Hausa shi namiji ne, a Ingilishi "shi" mace ce. Namiji kuwa "hi" ne. Masu koyo da yawa nan suke tuntuɓe.

In wuyar ta riga ta wuce, sai a sa had a madadin has ko have. Ana faɗin haka in ana tuna tsohuwar da ta reni marayu har suka girma. In kuma wuyar tana nan tafe, sai a ce will have, wato "wil hab".

Su wa ake faɗa ma ita? Ga kaɗan:

Matar da mijinta ya rasu, ta rage ita kaɗai ke ciyar da yara.
Mutumin da ya karye, likita ya ce sai ya yi watanni yana koyon tafiya.
Sabon shugaban da ya tarar da asusu babu kome, ga bashi.
Ƙungiyar ƙwallo da aka ci da yawa tun kafin hutun rabin lokaci.
Dattijon da ya shiga ajin yaƙi da jahilci, hannun da ya saba da ƙota yana koyon riƙon alkalami.

Maganar tana da fuska biyu. In an faɗe ta bisa wanda ke cikin aikin, tausayi ne da girmamawa. Ta yi kusa da "sannu da ƙoƙari". In an faɗe ta ga wanda zai fara aikin, gargaɗi ne: a ɗaura ɗamara, abin ba wasa ba ne. Ana jin ta cikin hira, da bakin ƴan siyasa, da cikin labarun rediyo da jarida. Amma ba a sa ta cikin takardar kotu ko takardar neman aiki. A can, magana a miƙe ake so.

INDA BA A FAƊIN TA

Wuya iri-iri ce, kuma kowace da maganarta. Wanda ya sa wata a wurin wata zai iya ɓata ma mutum rai, alhali alheri ya nufa.

Ba a faɗin ta wurin gaisuwar mutuwa. Ranar rasuwa ba ranar lissafin aiki ba ce. Masu Ingilishi a nan cewa suke I am sorry for your loss, wato suna taya mutum baƙin cikin rashin da ya yi. Sai bayan an share makoki, in ana zancen yadda iyalin za su rayu, sa'an nan zancen layi mai wuya ke shigowa.

Ba a faɗin ta ga wanda ya jawo ma kansa. Wanda ya ci kuɗin ƙungiya aka gano shi, ko wanda ya bar bisashensa suka shiga gonar mutane, shi cewa ake he is in hot water. A baki: hi iz in hot wota. Wato yana cikin ruwan zafi. Bahaushe ya ce: ya ɗebo ruwan dafa kansa. A nan harsunan biyu sun sha daga rijiya ɗaya. Saboda haka, in aka ce ma mutumin kirki mai fama da iyali yana cikin ruwan zafi, an zarge shi ke nan. In kuma aka ce ma mai laifi yana da layi mai wuya, an wanke shi.

Ba a faɗin ta ga wanda ya rasa zaɓi. Makiyayin da fari ya tsare, in ya saida shanu a araha ya yi hasara, in ya riƙe su su mutu, shi cewa ake yana between a rock and a hard place. Wato tsakanin dutse da wuri mai tauri. Shi ne gaba kura, baya siyaki. Shi ne tsaka mai wuya. Mai layi mai wuya kuwa ya san inda zai bi. Ƙarfi da haƙuri ne ake nema gare shi.

Ba a kuma faɗin ta bisa ƙaramin abu. Wanda takalminsa ya tsinke a hanyar kasuwa bai da layi mai wuya. In an faɗa masa haka, to ba'a ake yi masa.

ƳAN'UWAN MAGANAR

Akwai waɗansu maganganu da suka fito daga gona ɗaya da ita.

A tough row to hoe. Kalmar tough, "taf" ake karanta ta. Ma'anarta gagara. Daidai take da ta farko, kuma ana yawan jin ta yau.

A long row to hoe. Kalmar long tana nufin dogo. A nan tsawon aikin aka fi dubawa, ba taurinsa ba. Ta dace da mai dashen itace, wanda sai bayan shekaru zai sha inuwa.

Hoe your own row. Wato nome layinka. Ana faɗa ma mutum haka don ya tsaya da ƙafafunsa, ko don ya bar shiga sha'anin wani. Amma wannan bai nuna manoman Amurka ba su san taimakon juna ba. Su ma suna da irin gayyarsu. Maƙwabta sukan taru su gina ma mutum ɗakin ajiyar amfani, ko su taya shi ɓarar masara, mai gida ya ciyar da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a can.

In the short rows. Wato cikin gajerun layuka. Wannan a kudancin Amurka ake jin ta. Gona ba ta cika zama daidai ta ko'ina ba. Wajen kusurwa, layuka suna gajarta. Wanda ya fara da dogayen, in ya kai ga gajerun, ya san ya kusa gamawa. Saboda haka, in an ce mutum yana cikin gajerun layuka, aikinsa ya zo ƙarshe. Mai bashin da saura biya ɗaya gare shi, cikin gajerun layuka yake.

IN ZA A MAIDA TA HAUSA

Tafinta ko ɗan lakol da aka ce ya fassara wannan magana, kada ya ce "wane yana da kunya mai wuya". Mai sauraro zai ɗauka zancen surukai ake yi. Abin da ya dace shi ne:

Akwai jan aiki a gabansa.
Zai sha wuya kafin ya kai.
Sai ya ɗaura ɗamara.

In ana son karin magana a madadin karin magana, akwai waɗanda suka yi kusa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Amma a lura: na Hausa sun fi duban ladar da ke bayan wuya. Na Ingilishi ya fi duban wuyar kanta, da mutumin da ke tsaye a gabanta da hauya a hannu. Shi ya sa tafinta nagari yake duban wanda ake magana a kansa kafin ya zaɓi abin da zai faɗi.

A RIƘE WAƊANNAN

1. A hard row to hoe tana nufin dogon aiki mai wuya da ke gaban mutum.
2. Row ne, wato layi. Ba road ba ne, wato hanya.
3. Tausayi ce ko gargaɗi. Ba zargi ba ce.
4. Ba a faɗin ta wurin gaisuwar mutuwa, ko ga wanda ya jawo ma kansa.
5. "Hi" namiji ne, "shi" mace ce.

AIKIN AJI

Malamin yaƙi da jahilci ya rubuta maganar bisa allo. Ɗalibai su karanta ta da ƙarfi sau uku, su kwafe ta cikin littafi. Sa'an nan kowa ya kawo misali ɗaya na layi mai wuya, ɗaya na ruwan zafi, ɗaya na tsaka mai wuya, ba tare da kiran sunan kowa ba. Ajin ya tattauna, ya ga ko kowane misali ya faɗa inda ya dace. Daga ƙarshe a tambayi tsofaffin gari waɗanne karin magana na Hausa ne suka fito daga hauya, da sungumi, da rumbu. A rubuta su, don kada su ɓace yadda layi ya ɓace ma ƴan birnin Amurka.

Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa.